Haɗa keken tsere na kabon a gida: inda nauyi yake da inda haɗari yake

A shekarar 2000 hukumar tseren kekuna ta duniya, UCI, ta kafa doka cewa duk keken da za a shiga gasa da shi kada nauyinsa ya gaza kilo 6.8. Abin da ya sa aka yi dokar shi ne tsoron kada masu ƙera kekuna su yi ta sassaƙe kaya har su kai inda keke zai karye a ƙarƙashin mahayinsa yana gangarowa daga kan dutse da gudun kilomita 80 a awa. Dokar tana nan har yau, amma ba ta hau kan mutumin da yake haɗa kekensa a gida don hawan kansa ba, kuma wannan sakewa ce take jan mutane da yawa su sayi firam daban, ƙafafu daban, giya daban, su zauna su haɗa abin da babu irinsa a shago. Ga wanda ya tashi da keken Raleigh na ƙarfe mai kusantar kilo 20, keken da ake ɗagawa da yatsu biyu abin sha'awa ne, kuma ni ban ga laifin wannan sha'awa ba. Abin da nake gani shi ne yawancin masu shiga wannan aiki da sikeli suke farawa, alhali sikeli shi ne ya kamata ya zo a ƙarshe.

Kafin mutum ya kashe ko kwabo, ya dace ya san abin da kilo guda yake saya masa. A shimfiɗaɗɗiyar hanya, da zarar gudu ya haura kilomita 30 a awa, iska ce babbar abokiyar gaba, kuma mafi yawan turjiyar iskar daga jikin mahayin take fitowa, don haka rage nauyin keke kusan ba ya ƙara komai a can. A hawan tudu ne nauyi yake magana, amma ko a nan abin da ake ɗagawa shi ne mahayi da kekensa da gorar ruwansa da takalmansa gaba ɗaya. A ɗauki hawan Alpe d'Huez a Faransa, mai tsawon kilomita 13.8 da kwana 21, wanda ke ɗaga mutum sama da mita 1,000. Mahayin da shi da kayansa suka kai kilo 80, yana taka feda da ƙarfin wat 250, zai yi kusan awa guda yana hawa, kuma idan aka rage masa kilo ɗaya cif, abin da zai samu kimanin daƙiƙa 40 ne. Ga ɗan gasa daƙiƙa 40 tazara ce mai raba na ɗaya da na goma. Ga mai hawa don lafiyar jiki da jin daɗi kuwa, ya kamata ya ajiye wannan lissafi a ransa duk lokacin da aka nemi ya ninka kuɗi saboda giram ɗari.

Shi kabon da ake magana zare ne da ya fi gashin mutum sirantaka sau da yawa, ana jera dubbansa a shimfiɗe kamar ƙyalle, a jiƙa su da wani irin danƙo, a yanka gunduwa-gunduwa, sannan ma'aikata su liƙa ɗaruruwan gunduwoyin da hannu a cikin mazubi, a gasa da zafi da matsi har su zama jiki ɗaya. Kamfanin Toray na Japan shi ne kan gaba wajen samar da zaren, kuma lambobin da ake gani a tallace-tallace, irin su T700 da T800 da T1000, sunayen nau'o'in zarensa ne. Mafi yawan firam ɗin kuwa a Taiwan da Sin ake ƙera su, har da na manyan kamfanonin Turai da Amurka. Tun a 1986 Greg LeMond ya ci gasar Tour de France a kan keke mai bututun kabon, don haka fasahar ta daɗe. Abin da mai saye ya kamata ya fahimta shi ne lambar zaren ba ta gaya masa ingancin firam. Zare yana da ƙarfi ne a inda tsawonsa ya fuskanta kawai, saboda haka ingancin yana ga yadda aka jera gunduwoyin, da kusurwar da kowace ta fuskanta, da yadda aka matse iska ta fita kafin danƙon ya daskare, kuma duk wannan yana ƙarƙashin fenti inda ido ba ya kaiwa.

Wannan ɓoyuwa ita ce ta sa zaɓen wurin sayen firam ya fi kowane zaɓi nauyi. Ƙarfe idan ya wahala yakan lanƙwashe, ya nuna alama, mai shi ya gani ya sauka. Kabon yakan riƙe siffarsa bayan an ji masa ciwo a ciki, ya yi ta aiki kamar lafiyarsa ƙalau, sai wata rana ya ɓalle gaba ɗaya. Kasuwar firam kashi uku ce a aikace. Akwai na manyan kamfanoni masu tsada da garanti. Akwai na masana'antun Sin da ke sayar da nasu kai tsaye da sunansu, waɗanda wasu daga cikinsu sun yi suna da aiki mai kyau kuma suna gwada kayansu bisa ƙa'idar amincin keke ta duniya, ISO 4210. Sai kuma jabu, wato firam da aka kwaikwayi siffar wani shahararren keke aka manna masa sunan da ba nasa ba. Na biyun abin dubawa ne ga mai ƙaramin ƙarfi, muddin ya yi bincike a kan mai ƙerawar. Na ukun kuwa ban ga wani uzuri da zai sa mutum ya ɗora ransa a kansa ba, domin wanda ya yi ƙarya a sunan da ke waje babu abin da zai hana shi yin ƙarya a abin da ke ciki. Firam na hannu ma sai an yi hattara: a duba shi a haske mai kyau, musamman bututun fok da kewayen ramin kiranki da inda ake ɗaure sandar sirdi, a kuma tambayi tarihinsa.

Girman firam shi ne kuskuren da ba ya gyaruwa. Lambar da kamfanoni ke sawa, kamar 54 ko 56, ba ta da ma'ana ɗaya daga wannan kamfani zuwa wancan, don haka masu sanin abin sukan duba awo biyu, wato tsayin da ke tsakanin tsakiyar kiranki da saman bututun gaba, da kuma nisan da ke tsakaninsu a kwance. Wanda yake da keken da ya riga ya yi masa daidai sai ya auna waɗannan biyun ya nemi firam mai kusantarsu. Keken kilo 6 da yake sa ciwon baya bayan awa guda ya fi keken kilo 8 da ya zauna wa mutum daidai wahalar hawa.

Game da nauyin da ake rubutawa a talla, yawanci na matsakaicin girma ne, da fenti mafi sauƙi, kuma sau da yawa ba a haɗa da ƙananan ƙarafa irin su aksul da maɗaurin sandar sirdi ba. Lokacin da kamfanin Specialized ya fitar da kekensa Aethos a 2020 ya ce firam ɗin giram 585 ne, wanda ya nuna inda fasahar ta kai, amma firam mai kyau na tsaka-tsakin farashi yakan faɗa tsakanin giram 800 da kilo ɗaya, fok kuma kusan giram 400. Idan aka lissafa, firam da fok ba su cika kaiwa kashi ɗaya cikin biyar na nauyin keken ba. Giya da birki da kiranki da sarƙa a haɗe sukan kai kilo biyu da rabi zuwa uku, ƙafafu biyu kuma kilo 1.3 zuwa 1.6 kafin a sa musu taya. Al'adata ita ce duk abin da ya iso sai na ɗora shi a kan ƙaramin sikelin kicin na rubuta a littafi kusa da abin da aka ce, kuma da wuya shafin ya ƙare ba tare da an sami ƙarin giram ɗari biyu ko uku da babu wanda ya ambata ba, daga kebul da tef ɗin naɗe kan keke da mariƙin gora da ruwan liƙe taya.

Inda aikin gida ya fi ruguje wa mutane shi ne dacewar kaya da juna, kuma babu inda wannan ya fi rikitarwa kamar ramin da kiranki ke juyawa a ciki. Tsohon tsari, wanda ake kira BSA, rami ne mai zare da faɗin milimita 68, ana murza mazaunin boris a ciki da sufana kamar yadda ake ɗaura noti. Da kabon ya yi yawa sai kamfanoni suka koma ga ramukan da ba su da zare, inda ake danna boris ciki da matsi, kowa kuma ya fito da nasa awon: BB86, BB30, PF30, da wasu. Amfaninsu shi ne sauƙin nauyi da damar faɗaɗa bututu, amma sharaɗinsu shi ne ramin ya fito da'ira cikakkiya, ɓangarorinsa biyu kuma su kalli juna daidai. Idan masana'anta ta kauce da ɗan abin da ido ba ya gani, sai keke ya riƙa ƙara a kowane taku, boris ya riƙa cinyewa kafin lokacinsa, mai shi ya yi ta canzawa bai san cutar tana jikin firam ba. Wannan ne ya sa kamfanoni da yawa suka dawo ga zare, ko dai BSA ko kuma T47 mai faɗin baki. A ɗaya gefen kuma sandar kiranki ita ma ba iri ɗaya ba ce: ta Shimano milimita 24 ce, ta SRAM da ake kira DUB kusan 29, wasu kuma 30. Dole mazaunin boris ya dace da ramin firam ta waje, ya kuma dace da sandar ta ciki. Ga mai haɗawa a gida shawarata ita ce ya zaɓi firam mai zare, ya karɓi ƙarin giram kaɗan da hannu biyu, domin zai iya kwancewa da ɗaurawa da kansa ba tare da injin matsi ba.

Kamfanoni uku ne suka riƙe kasuwar giyar keken tsere: Shimano na Japan, SRAM na Amurka, da Campagnolo na Italiya. A jerin Shimano, Dura-Ace ce a sama, sai Ultegra, sai 105, kuma tsakanin kowace da mai bi mata akwai kimanin giram 300, alhali yadda suke sauya giya kusan ɗaya ne, kuɗin kuwa ya yi nisa ƙwarai. Tun 2009 Shimano ta shigo da sauya giya ta lantarki, kuma daga 2021 manyan biyun nata na lantarki kawai ake yi. Wannan yana shafar zaɓen firam, domin sababbin firam da dama ba su da hanyar kebul ɗin giya kwata-kwata. A kan birki kuma, birkin rim, wato mai kama gefen rim ɗin ƙafa, ya fi birkin faifai, mai kama faifan da ke cibiyar ƙafa, sauƙin nauyi da kusan rabin kilo a keke gaba ɗaya, ya fi sauƙin haɗawa, shi ya sa har yanzu masu gasar hawan tudu a Birtaniya, inda dokar kilo 6.8 ba ta aiki, da yawansu suke riƙe da shi. Sai dai a kan rim na kabon ba ya kamawa sosai a ruwan sama, kuma a doguwar gangara zafin gogayya yana iya lalata danƙon rim ɗin. Tun da UCI ta halatta birkin faifai a gasar titi a 2018 kasuwa ta karkata gare shi, kayan birkin rim kuma suna ta raguwa a shaguna, abin da mai niyyar riƙe kekensa shekara goma ya kamata ya sa a lissafi.

Ƙananan rashin dacewa suna da yawa, kuma kowanne yana iya tsayar da aiki mako biyu ana jiran saƙo. Birkin Shimano da na Campagnolo da man ma'adini suke aiki, na titi na SRAM kuwa da man birki irin na mota mai lambar DOT, kuma zuba ɗaya a wurin ɗaya yana lalata robobin ciki. Mazaunin jerin haƙoran baya a cibiyar ƙafa ya bambanta tsakanin kamfanonin uku. Sirdi mai sandunan kabon yawanci sandunansa ba zagayayyu ba ne, milimita 7 ne a faɗi da 9 a tsaye, kuma ba kowane maɗauri ne yake karɓarsu ba.

Idan akwai inda ya cancanci a saki kuɗi, ƙafafu ne da tayoyi, domin su ne suke sauya yadda keke yake ji a ƙarƙashin mutum. Rim mai zurfin milimita 35 zuwa 45 yana daidaita tsakanin nauyi da tsaga iska, wanda ya wuce haka kuma iskar gefe takan riƙa fizgar ƙafar gaba, musamman ga mahayi mara jiki. An daɗe ana ɗauka siririyar taya mai milimita 23 da aka cika da iska tam ita ce mai gudu, amma gwaji ya nuna cewa a kan kwalta ta gaskiya, mai tsaga da faci, taya mai milimita 28 ko 30 da iska matsakaiciya tana tafiya da sauƙi, tana kuma rage gajiya, shi ya sa ƙwararrun 'yan tsere suka koma gare ta duk da ƙarin nauyinta. Rahusar rage nauyi mafi girma a keke gaba ɗaya tana cikin tayar ne: tiyub na roba da aka saba yakan kai giram 100, na sabuwar robar TPU kuwa giram 30 zuwa 40, da kuɗi kaɗan. Wanda ya zaɓi taya mara tiyub ya sani cewa ruwan liƙen da ake zubawa ciki yana bushewa, kuma a ƙasa mai zafi yana bushewa da wuri, sai an riƙa dubawa ana ƙarawa. Akwai kuma gargaɗi ɗaya da ba a wasa da shi. Wasu rim na kabon na zamani ba su da ƙugiyar da ke riƙe bakin taya, kuma ƙa'idarsu ita ce kada matsin iska ya wuce psi 72.5 a ma'aunin famfo, kada kuma a sa musu tayar da ba a amince da ita ga irinsu ba, domin taya tana iya fita daga kan rim ana cikin gudu.

A kan ƙananan kaya kamar kan keke da wuyansa da sandar sirdi ne masu farautar giram suke wuce gona da iri. Kayan da suka fi kowanne sauƙi sukan zo da iyakar nauyin mahayi a rubuce, kuma wannan rubutu ba ado ba ne. Ko manyan kamfanoni sukan taɓa iyaka: a watan Satumba na 2023 Shimano ta yi kiran a dawo da kiranki kusan 760,000 na Ultegra da Dura-Ace a Amurka da Kanada domin a duba su, saboda ɓangarorinsu biyu da aka liƙa don rage nauyi suna iya rabuwa. Idan haka ta faru ga kamfanin da ke da ɗakunan gwaji, to kan keke mara suna da aka saya don ya fi araha da sauƙi, wanda idan ya karye fuskar mutum ce za ta fara isa ƙasa, bai cancanci giram hamsin ɗin da zai rage ba. Araha ba ta ado, a nan kuwa tana iya cin haƙora.

Ranar haɗawa, kayan aikin da ba a yi sai da shi shi ne sufanar da ke auna ƙarfin ɗauri. Mai gyaran keken ƙarfe ya saba ya ɗaure noti har sai hannunsa ya gaya masa ya isa, kuma ƙarfe yana yafe wannan. Bututun kabon an yi shi ne ya jure ja da lanƙwasa, ba matsi daga gefe ba, don haka ɗaurin da ya wuce kima yana murƙushe shi. Kusa da kowane noti za a ga an rubuta adadi da Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri, yawanci Nm 5 a wuyan keke da Nm 4 zuwa 6 a sandar sirdi, kuma wannan ƙarfi kaɗan ne ƙwarai, bai kai abin da hannu yake so ya yi ba. Na taɓa tsayawa kusa da wani yana ɗaure sandar sirdi da alanki, ya ƙara rabin juyi don ya tabbata, sai muka ji wata 'yar ƙara kamar an taka busasshen kara, da aka zaro sandar kuwa ga tsaga nan a tsaye daidai inda maɗaurin ya kama. Maganin zamewa shi ne wani man shafawa na musamman mai ɗan tsakuwa a ciki, wanda ke sa kabon ya kama da ɗauri kaɗan. Giris kuwa wurinsa zaren noti ne da boris. Idan notuna biyu ko huɗu ne suke riƙe abu ɗaya, a riƙa ɗaure su bi da bi, kaɗan-kaɗan, har su kai tare.

Yanke bututun fok shi ne matakin da ba a komawa baya a cikinsa. Fok yakan zo da bututu mai tsawo, mai keke ne zai rage shi daidai tsayin da yake son kan kekensa. Hanya mafi aminci ita ce a haɗa komai a bar bututun da tsawonsa, a yi 'yan kwanaki ana hawa ana sauya tsayi da zobba, sai an tabbata sannan a yi alama. A naɗe wurin da salatif don kada zaren ya tsattsage, a sa majagabar yanka don zarto ya tafi a miƙe, a yi amfani da zarto mai ƙananan haƙora ko wanda aka yi don kabon, a bar shi ya ci da kansa ba tare da dannawa ba. A jiƙa wurin da ruwa, a rufe hanci da baki, domin ƙurar kabon ba abin shaƙa ba ce. A cikin bututun ana sa toshi mai buɗewa wanda ke tallafa masa daga ciki daidai inda wuyan zai matse shi, kuma kada a kuskura a buga masa ƙarfen nan mai haƙora da ake sawa a fok na ƙarfe, domin zai yayyaga shi. Ana so a bar zobe ɗaya na milimita 5 a saman wuyan don ɗaurin ya sami cikakken bututu, a kuma kiyaye iyakar zobban da mai ƙerawar ya yarda a sa a ƙasa, wadda yawanci ba ta wuce milimita 30 zuwa 40 ba.

Sauran aikin haƙuri yake so fiye da gwaninta. A sababbin firam tiyon birki yana bi ta cikin kan keke da boris ɗin gaba kafin ya shiga jiki, don haka sai an zura shi tun farko, kuma wanda ya yanke shi gajere zai sake kwance komai. Bayan an haɗa sai a fitar da iskar da ta shiga man birki, har madannin ya yi tauri a hannu. Ɗan ƙarfen da giyar baya ke rataye a kansa yakan zo a ɗan karkace ko a sabon firam, kuma da yake fayafayan haƙora 12 ne aka cusa a ɗan ƙaramin wuri, karkata kaɗan ta isa ta hana giya zama, duk yadda aka yi ta saiti. Daidaita wannan ƙarfe, da danna boris a ramin da ba shi da zare, da gyara fuskar mazaunin birki, ayyuka ne masu buƙatar kayan aikin da ba a saye don amfani sau ɗaya, kuma kai su ga makanikin da ya san keken kabon bai rage wa mai keke komai daga cewa shi ya haɗa abinsa ba.

Hawan farko a yi shi a hanya shiru mara motoci. A gwada birki sau da yawa daga matsakaicin gudu don faifai da takalminsa su saba da juna, a miƙe tsaye a kan feda a saurari ko akwai ƙara, a kama birkin gaba a jijjiga keken gaba da baya don a ji ko boris ɗin gaba yana wasa. Bayan hawa biyu ko uku a sake bin kowane noti da sufanar awo, domin kaya sukan zauna su ɗan saki, a kuma zare fok bayan 'yan watanni a duba bututunsa a haske daidai inda wuyan ya kama. A nan ne za a rataye keken a sikeli, da fedarsa da mariƙin gorarsa, kuma wanda ya bi irin zaɓin da aka bayyana zai ga adadi tsakanin kilo 7 da 7.5.